Ranar da Dutsen Gugana Ya Sha Kaki

Sana'ata wanki da guga. Na fara ta a unguwar Jarwal, nan Makka, tun ina da ƙarfin ɗaukar ƙunshin kayan alhazai a ka. Da aka shiga rushe tsofaffin gidajen unguwar, na koma wani shago a Rusaifa, tsakanin mai sayar da kaji da mai gyaran takalma. Aiki ne mai tsari. A ware fari da mai launi, a duba aljihu, a wanke, a shanya, a sa sitaci, a goge, a bari ya huce, sannan a ninke. Wanda ya tsallake ɗaya, kayan ne za su tona masa asiri a jikin mai su.

Ɗana na biyu a nan Makka aka haife shi. Larabci ne a bakinsa, Hausa sai in zai roƙi uwarsa wani abu. Lokacin da wannan abu ya faru ya riga ya zama saurayi da gemunsa, yana aiki a wani kantin kayan waya a unguwar Shisha. Tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa a bakin teburina ba. In ya kawo mini abinci daga gida, a ƙofa yake miƙawa ya juya. Bai taɓa cewa yana jin kunyar sana'ata ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma ina da ido. Ko jallabiyarsa wani shagon yake kai wa a Shisha, wai ya fi masa kusa.

Wata Alhamis cikin hunturu, da hantsi, sai ga shi ya shigo har cikin shago, rungume da wata doguwar jaka da ta kusa kai masa haɓa. Alhamis kuwa ita ce ranar da ba na ɗaga kai, domin kowa yana son farinsa na Juma'a. Ya zuge jakar ya fito da wani allo mai faɗin taku ɗaya, gaba da baya sun ɗan ɗago sama, da wasu maɗaurai na ƙafa a tsakiya. Maƙwabcina mai kaji, wani Bazazzage da bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo.

"Malam, sabon teburin guga aka sayo maka? Allah ya yi wa yaro albarka."

"Allon zamiya ne, Ammu," in ji ɗana, wato baffa da Larabci. "Na dusar ƙanƙara."

"A Makka? To a wace firiza za ka hau shi?"

Ɗana bai kula shi ba. Ya juyo gare ni, rabi Hausa rabi Larabci. Dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuk. Shi da abokansa za su tashi da motoci biyu bayan la'asar, su kwana suna tafiya, su isa da sassafe, domin ƙanƙarar can ba ta daɗewa, rana na ɗagowa take narkewa. Allon ya saye shi ta waya tun bara yana jiran wannan rana. Kafin a hau shi sai an narka masa kaki a ciki an goge da dutsen guga. Kakin ya zo tare da allon, da magagari, da buroshi, da wata roba ta kankarewa. Dutsen ne babu. Kuma ba kowane dutse ba, sai wanda gindinsa ba shi da hujin tururi.

Irin wannan dutse guda ɗaya ne a shagona, kuma shi ma ya sani. Tsoho ne, mai nauyi, gindinsa sumul kamar madubi. Da shi nake fitar da karin shimag, ƙyallen kan nan mai ja da fari, kari ya tsaya a goshi kamar bakin wuƙa. Akwai mutanen da suke wuce shaguna da yawa su zo wurina saboda wannan kari kaɗai. Dutsen da ya sha kaki kuwa ba zan sake yarda ya taɓa yadin mutane ba, ko an wanke shi da me.

Na dubi dutsen, na dubi yaron. Wannan ne karo na farko da ya kawo wani abu nasa ga hannuna. Na san in na ce a'a, ko aikin ya fita da aibi, ba zai kawo na biyu ba.

Na ce, "Nuna mini yadda ake yi."

Ya fito da waya. Wani Bature ne cikin hular sanyi, yana magana yana aiki. Ɗana ya riƙa jan hoton gaba da yatsa, yana cewa nan ba kome, nan ma ba kome, ga wurin kakin. Na riƙe masa hannu.

"Mayar da shi farko."

"Abuya, surutu ne kawai yake yi a farkon."

"Mai aiki ba ya surutun banza da magagari a hannu. Mayar."

Muka kalla daga farko har ƙarshe, yana fassara mini abin da ya gane, yana duba agogo. Na sa ya sake mayarwa. Aikin ba baƙo ba ne a wurina in aka cire allon. A kwance maɗauran ƙafa, a gyara bakin ƙarfen da ya zagaye allon, a share, a ɗiga kaki, a goge, a bari ya huce sarai, a kankare, a bi da buroshi. Har da barin abu ya huce. Na ce a raina, ashe Baturen ma ya san aiki.

Na kawar da kayan mutane can nesa, na shimfiɗa tsofaffin jaridu, muka kifa allon a kan tebur. Tun daga nan raina ya fara ɓaci. Na ce ya kwance ƙusoshin maɗauran, ya kwance yana zubar da su a kan tebur, ɗaya ta gangara ƙarƙashin injin wanki. Sai da na sa ya durƙusa ya lalubo ta, na miƙa masa kofin shayi ya zuba su ciki. Da na ɗauki magagari sai ya ce, "Wannan a bar shi, sabo ne fa."

"Sabuwar jallabiya ma sai an goge ta kafin a sa."

Na bi bakin ƙarfen a hankali, daga gaba zuwa baya, hannu ɗaya ba komowa, kamar yadda na gani. Wurin da gaba da baya suka ɗago, Baturen ya ce a dakushe kaifin kada allon ya kama ƙasa ya kayar da mutum. Na dakushe. Ɗana yana tsaye, wayarsa tana kuka kamar jinjiri. Na share garin ƙarfen da tsumma, na sake sharewa da wani mai tsabta.

Sannan na kunna dutsena. Na manna masa kakin, wani fari mai kama da sabulun wanka, nan take ya tashi da hayaƙi. Zafin shimag ya yi masa yawa. Na rage wuta, na jira, na sake gwadawa, sai ya fara ɗiga a hankali. Na bi tsawon allon da ɗigo, sannan na ɗora dutsen. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba lokacin da gindin nan mai sheƙi ya dusashe da maiƙo. Na dai ci gaba, ban bar shi ya tsaya wuri ɗaya ba.

Da na kai rabi na miƙa masa. "Riƙe ka ji nauyinsa."

"Kai ne gwani, Abuya," ya ce, ya fita waje amsa waya.

Na gama ni kaɗai.

Matsala ta gaba zafin shago ce. Hunturun Makka suna ne kawai da rana, ga injin busarwa yana hura wuta a bayana. Muka jira, na danna farce a kan kakin, ya shiga kamar man shanu. Mai kaji ya ce a kawo ya sa a firizarsa, rabi ciki rabi waje, in wannan gefen ya daskare a juya. Gidanmu yana bayan layin, hawa na biyu, kuma ɗakin matata ne ke da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi sosai. Muka ɗauki allon, ni gaba shi baya, muka ratsa layi mutane suna kallo. Na jera kujeru biyu a tsakiyar ɗakin, na kifa allon a kansu, gefen kakin yana kallon ƙasa don kada ƙura ta sauka masa. Na ƙure sanyin, na ja ƙofa.

Na ce wa matata, "Hajiya, abin yaron nan yana ɗakinki yana shan sanyi. A bar shi yadda yake har in dawo."

Ta ce, "Wa zai taɓa muku katakonku?"

Ɗana ya tafi haɗa kayan sanyi, ni na koma shago. Na yi azahar, na fuskanci tulin fararen kaya da dutsen tururi. Shimag na farko da na goge da shi, karin ya fito kamar wanda aka kwana a kai.

Ana gab da kiran la'asar na rufe shago na nufi gida. Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren wuta. Na ƙara sauri, abin da ba na yi a matakala. Na tura ƙofar ɗakin. Hayaƙi ya cika shi. Ga kasko a ƙasa tsakanin kujerun biyu, daidai ƙarƙashin cikin allon, garwashi ja wur. Kakin tsakiya ya narke yana ɗiga cikin wutar, yana cuwai, wurin ya yi baƙi da hayaƙi kamar gindin tukunya.

Na janye kaskon da ƙafa. Na kira ta da ƙarfi.

Ta shigo tana goge hannu da gefen zane. Matata ba ta taɓa barin ɗanta ya yi tafiya da kayan da ba su sha turare ba. Riga, bargo, jaka, har hular sanyi, duk sai ta kifa su a kan kasko. Haka uwarta ta yi wa 'yan'uwanta, haka take yi mini in za ni Madina.

"Me kika yi haka?"

"Me na yi? Abu yana warin kyandir, za a sa shi a mota da 'ya'yan mutane, su ce daga wane gida ya fito? Kai ma ka ajiye shi daidai yadda ake turarawa."

"Sanyi na kawo shi ya sha, Hajiya. Sanyi! Kin hura masa wuta."

"To Malam, ka ce mini kaki ne? Katako na gani."

Ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Muna cikin haka ɗana ya shigo da jaka a kafaɗa, a ƙasa kuma aka fara danna hon. Ya ga allon. Ya ajiye jakar a hankali. Ya dubi uwarsa, ya buɗe baki ya rufe, domin ba a yi masa tarbiyyar ɗaga mata murya ba. Sai ya juyo kaina.

"Halas, Abuya. A kankare haka nan in tafi."

Na juya allon na shafa wurin da tsumma. Cikin allon bai ƙone ba, Allah ya tsare, amma kakin tsakiya ya tafi, abin da ya rage ya haɗe da toka da baƙin hayaƙi. Daidai inda nauyin mutum yake sauka.

Na ce, "Sai an sake. A kankare wannan dattin, a share, a ɗiga sabo, a goge, ya huce, sannan a kankare."

"Har yaushe?"

"Magariba."

"Ƙanƙarar ba za ta jira tsarinka ba!" Da Larabci ya faɗa, da ƙarfi. "Shekara guda nake jira. Kullum kai sai wannan kafin wannan, sai wancan bayan wancan. Wa zai duba cikin allo a kan dutsen Tabuk?"

"Dutsen zai duba."

Hon ya sake tashi. Matata ta ce, "Malam, ka bar shi ya tafi mana, abin wasa ne fa."

Raina ya kai maƙura. Dutsena ya tafi, kayan mutane suna jibge a shago ranar Alhamis, kuma ana ce mini abin wasa ne. Na ce masa, "Allonka ne. In za ka ɗauka haka, ɗauka. Amma kada ka ce wa kowa daga hannuna ya fito."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya juya ya sauka, bai ɗauki allon ba, bai ɗauki jakar ba. Na leƙa ta taga. Na ga yana magana da abokansa, hannuwa suna tashi sama. Mota ɗaya ta tayar ta tafi. Shi kuma ya bi layi da ƙafa ya sha kwana. Na ce shi ke nan, ya yi fushi ya fasa, kuma ni zai ɗora wa har abada. Na yi alwala na yi la'asar a nan ɗakin, cikin hayaƙin turare, zuciyata ba ta wurin.

Ina sallamewa sai ga shi a ƙofa, dutsen gugana a hannunsa, igiyar tana jan ƙasa. Makullin shago ya ɗauka a ƙusa ban lura ba.

"Ɗayar motar za ta jira zuwa magariba," ya ce. "Daga nan ba ruwansu da ni. Yalla."

"Naɗe igiyar tukuna. Ba a jan ta a ƙasa."

Babu tebur a ɗakin, dole wani ya danne allon a kan kujerun, wani ya goge. Na danne. Shi ya kankare dattin, ya share, ya ɗiga kakin, ya yi yawa a wuri ɗaya. Ya ɗora dutsen yana gudu da shi kamar mai share tsakar gida.

"A hankali."

Ya tsaya cak.

"Ban ce ka tsaya ba, za ka ƙona shi. Tafi da shi kamar kana rakiyar tsoho."

"Wallahi yana da nauyi."

"Nauyin ne yake aikin. Kai dai ja shi, kada ka danna."

Ya ja. Layin farko ya karkace, na biyu ya ɗan miƙe. Ban yaba ba, domin bai kai a yaba ba. Muka kashe dutsen, muka bar allon, wannan karon gefen kakin yana kallon sama, ni kuma na zauna a bakin ƙofa da kaina. Matata ta kawo shayi, ta ajiye, ta ce ko yanzu dai ɗakin ya fi ƙamshi. Jiran nan ya fi kome wuya. Yana kai hannu zai taɓa, ina cewa bari. Abokinsa mai motar ya hau har sama ya gaishe ni, ya ce, "Ya Ammi, ko a ƙarasa a hanya?" Na ce masa ya sha shayi.

Da farce ya daina shiga, na ba shi robar. Ya kankare daga gaba zuwa baya, kakin yana zubowa kamar garin rogo a kan dardumar matata. Kusan duk abin da muka sa muka cire, wanda ya shige cikin allon kaɗai ya rage. Wannan mataki har yau bai kwanta mini ba, amma haka tsarin yake, haka muka yi. Ya bi da buroshi har cikin allon ya yi sheƙi. Ya mayar da maɗauran, ƙusoshin suna nan cikin kofin shayi, ba wadda ta ɓata. Ana kiran magariba suka sa allon a mota. Suka yi salla a masallacin layi, suka tafi.

Ranar Juma'a bai kira ba. Ranar Asabar wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini shimag ya ɗaga nasa a gaban fitila, ya ce, "Hannunka ne wannan?" Na ce dutsen ne ya canza. Ya ce to a nemo tsohon. Na ce ya yi ritaya.

Lahadi da safe ɗana ya shigo shago da doguwar jakar. Fuskarsa ta bushe, leɓensa ya tsage, yana ɗingishi kaɗan. Ya zuge jakar ya kifa allon a kan teburina, a kan jallabiyar mutane, sai da na yi sauri na janye ta. Wani dogon kwari ya ratsa cikin allon daga tsakiya har kusan baya, bakin ƙarfen da na gyara ya yi gibi a wuri biyu. Aikin yini guda ya tafi.

"Me ya faru?"

"'Yan motar farko sun same ta da safe, fara tas. Mu direbanmu ya yi barci a hanya. Da muka isa rana ta ɗago, motoci sun tattake wurin. Sai wani ɗan gangare a inuwar dutse." Ya shafa gefen allon. "Da mun tashi da la'asar, da na same ta."

Gaskiya ya faɗa. Na ci gaba da shafa kwarin da yatsa, raina yana ƙuna, ban san ko da wa nake fushi ba, da shi, da uwarsa, da direban, ko da duwatsun Tabuk.

"Ka hau dai?"

"Sau ɗaya. Akwai duwatsu a ƙarƙashi, na faɗi." Sai ya ɗan yi murmushi, leɓen ya hana shi ƙarasawa. "Amma inda akwai ƙanƙarar, Abuya, ya tafi kamar sabulu. Ban ma shirya ba ya tafi da ni."

Mai kaji ya leƙo ya ce, "A'a, an dawo da teburin gugar? Bai yi ba ne?"

Ɗana ya ce masa, "Ya yi, Ammu. Gyara za a yi masa." Ya juyo gare ni. Abokansa sun ce ana hawan irinsa a tudun yashi, za su gwada wani mako. Akwai wani hoton a waya da ke nuna yadda ake cike kwarin. Ya ce ya kalla tun daga farko, bai ja gaba ba.

Jallabiyarsa dai har yau Shisha yake kai wa, ban kuma sami dutsen da ya maye gurbin wancan ba. Dattijon mai shimag ya koma wani wuri. Tsohon dutsen yana kan kanta ta sama, nesa da fararen kaya, gindinsa a dusashe. Ran Lahadin nan kuwa, ɗana ya san inda yake. Ya miƙa hannu ya sauko da shi, ya fara neman wurin jona wuta.

Na ce, "Ajiye. Ba da dutse ake farawa ba. Ɗauko kofin shayi ka kwance ƙusoshin."